Daga famfon gidan mai zuwa kuɗin cefane: yadda tsadar mai ke bin jijiyoyin rayuwa

Duk lokacin da aka wayi gari aka ga lambobin da ke jikin famfon gidan mai sun canza, mai mota da mai babur ne ke fara ƙorafi. Kafin mako ya zagayo sai ƙorafin ya koma bakin wanda ko keke bai taɓa mallaka ba, domin kuɗin mota ya ƙaru, kuɗin cefane ya daina isa, mai gyaran takalmi ma ya ƙara wa aikinsa kuɗi. A nan ne kan mutane da yawa ke ɗaurewa. Ina ruwan mai gyaran takalmi da fetur? Kuma idan tsadar mai ce ta ɗaga farashin kaya, me ya sa ranar da man ya sauko kayan ba sa biyo shi ƙasa?

Tambayoyin biyu suna da amsa, amma sai an fara warware wasu kalmomi da ake cakuɗawa a hira da a labarai.

## Wane mai, kuma wace tsada

Idan aka ji a labarai cewa farashin mai ya tashi a kasuwar duniya, ɗanyen mai ake nufi, wato wanda aka haƙo ba a tace ba. Da ganga ake auna shi, ganga ɗaya kusan lita 159 ce, kuma galibin cinikinsa da dalar Amurka ake yi. Babu motar da ke shan ɗanyen mai. Sai ya shiga matata an dafa shi an rarrabe, sannan a fitar da fetur, da dizal, da kananzir, da man jirgin sama, da baƙin man da manyan jiragen ruwa ke sha, da kwalta, da sinadaran da ake yin roba da leda da su.

Fetur ne ya fi amo, saboda shi ƙananan motoci da babura ke sha. Amma wanda ke ɗauke da nauyin tattalin arziki a kansa shi ne dizal. Manyan motocin dakon kaya, da taraktoci, da injinan gine-gine da haƙar ma'adinai, da manyan janaretocin masana'antu da asibitoci, duk shi suke sha. Farashin su biyun kuma ba dole ya tafi kafaɗa da kafaɗa ba. A 2022 dizal ya yi wa fetur fintinkau a ƙasashe da yawa, saboda matatun duniya sun gaza biyan buƙata, ga kuma Turai da ta daɗe tana dogara da dizal ɗin Rasha ta shiga neman wani wurin saye bayan Rasha ta kai wa Yukiren hari. Don haka mai son ya hango inda farashin abinci ya dosa, gara ya sa ido a kan dizal.

Haka kuma hauhawar farashi daban, tsadar rayuwa daban. Hauhawar farashi ita ce saurin da kaya ke ƙara kuɗi, ana auna ta da kashi cikin ɗari, yawanci ta hanyar kwatanta farashin bana da na bara. Tsadar rayuwa kuwa ita ce tazarar da ke tsakanin abin da gida ke samu da abin da yake buƙatar kashewa. Za a iya sanar da cewa hauhawar farashi ta ragu alhali rayuwa na nan da tsadarta, kuma ba ƙarya aka yi ba. Za mu dawo kan wannan.

## Abin da ke cikin kuɗin lita ɗaya

Kuɗin da mutum ke miƙawa a gidan mai tarin kuɗaɗe ne aka haɗa wuri guda. Akwai kuɗin ɗanyen man kansa, akwai ladan tacewa, akwai kuɗin dako da inshora da ajiya a daffo, akwai ribar dillali da ta mai gidan mai. A kan wannan sai gwamnati ta ɗora hannunta, ko dai ta ƙara haraji ko ta rage farashin da tallafi. A yawancin ƙasashen Turai haraji kan kai kusan rabin kuɗin lita, shi ya sa fetur ya fi tsada a Jamus ko Faransa fiye da Amurka ko da ganga ɗaya suka saya.

Akwai kuma wani abu da ba a rubuta shi a jikin famfo, wato canjin kuɗi. Tunda da dala ake sayen mai, ƙasar da kuɗinta ya faɗi za ta ga mai ya yi tsada ko da kasuwar duniya ba ta motsa ba. A ɗauki misali: ganga tana dala 80, kuma ana canza dala ɗaya a kan 10 na kuɗin wata ƙasa, ganga ta kama 800 ke nan. Idan kuɗin ƙasar ya faɗi dala ta koma 15, ganga ta zama 1,200, an sami ƙarin rabi ba tare da wani abu ya faru a rijiyar mai ba. A ƙasashe masu tasowa da dama wannan ne ke yin ɓarnar da ake ɗora wa kasuwar duniya.

Nan ne kuma amsar tambayar da 'yan ƙasashe masu arzikin mai ke yawan yi take: muna haƙo shi a ƙasarmu, don me za mu saye shi da tsada? Ƙasar da ke fitar da ɗanye tana shigo da tatacce, farashin duniya take biya, har da kuɗin jirgi. Wadda ke tacewa a gida ta huta da kuɗin dako da wani ɓangare na neman dala, amma duk gangar da ta ba matatarta da rahusa ganga ce da ta yafe kuɗin da za ta samu da ta sayar a waje. Ana iya yanke shawarar yafewar, ƙasashen yankin Gulf sun daɗe suna yi, sai dai sunansa tallafi ko da ba a rubuta shi a kasafin kuɗi ba.

## Dalilin da kasuwar ke yawan girgiza

Duniya na shan ganga kusan miliyan 100 a kullum, kuma wannan buƙata ba ta lanƙwasuwa da sauri. Idan wani kayan marmari ya yi tsada sai a haƙura da shi. Mai motar haya kuwa ba zai ajiye mota ba, manomi ba zai bar gona ta bushe ba, masana'anta ba za ta sauya injina cikin wata guda ba. Haka ɓangaren masu haƙowa, sabuwar rijiya tana ɗaukar watanni ko shekaru kafin ta ba da mai. Saboda haka ɗan giɓi kaɗan kan sa farashi ya yi tsalle mai nisa.

A Oktoban 1973, lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu mai sun rage haƙowa suka kuma hana sayar wa Amurka da wasu ƙawayenta. Cikin 'yan watanni ganga ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12. Juyin juya halin Iran na 1979 ya sake ninka farashin. A Yulin 2008 ganga ta kai dala 147, wannan karon saboda ƙishirwar mai a Sin da sauran ƙasashen da ke bunƙasa. A ranar 20 ga Afrilun 2020 kuma aka ga akasi mai ban mamaki: annobar korona ta tsayar da zirga-zirga, wuraren ajiya suka cika, har farashin wani nau'in ɗanyen man Amurka ya faɗi ƙasa da sifili. Ba a cika shekara biyu ba Rasha ta kai wa Yukiren hari, a Maris na 2022 ganga ta haura dala 120.

Ƙungiyar OPEC ta ƙasashe masu fitar da mai, wadda Saudiyya da Iran da Iraƙi da Kuwait da Venezuela suka kafa a Bagadaza a 1960, tana tasiri ta hanyar ƙayyade yawan man da mambobinta za su fitar, kuma tun 2016 take haɗa baki da Rasha da wasu ƙasashe. Sai dai ba ita kaɗai ke riƙe da akalar ba, domin Amurka ce yanzu ta fi kowa haƙo mai. Hanyar da man ke bi ma abin dubawa ce. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha ta mashigin ruwan Hormuz, da ke tsakanin Iran da Oman, yake wucewa, shi ya sa ko barazanar rikici a yankin kan ɗaga farashi tun kafin a harba harsashi ɗaya.

## Hanyoyin da tsadar ke bi ta shiga gida

Hanya ta farko a fili take: abin da mutum ke zuba wa motarsa, ko janaretansa, ko murhun girkinsa. Wannan rana ɗaya ake jin sa. Kuɗin motar haya na biye da shi cikin kwana ɗaya ko biyu.

Hanya ta biyu ita ce ta fi faɗi, kuma ita ce mutane ba su cika gani ba. Kusan babu abin da ake ci ko ake sawa da bai hau mota ba. Buhun hatsi kan hau mota daga gona zuwa kasuwar ƙauye, daga nan zuwa wurin 'yan sari, daga nan zuwa injin niƙa ko masana'anta, sannan zuwa shagon unguwa. Kowane zango akwai mai a ciki, kuma kowane ɗan kasuwa yana ɗora ribarsa ne a kan farashin da ya riga ya kumbura. Kayan da aka shigo da su daga waje sun ƙara da kuɗin jirgin ruwa, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na kayan cinikin duniya, idan aka auna da nauyi, ta teku suke bi. Kayan da suka fi jin jiki su ne masu nauyi da araha, irin su siminti da hatsi da ruwan sha, domin dako ne babban kaso na kuɗinsu, da kuma masu saurin lalacewa, irin su kayan lambu da kifi da madara, waɗanda ba sa jiran a cika mota kuma wasu sai da sanyi. Wayar hannu kuwa, da ba ta da nauyi ga tsada, da ƙyar kuɗin dako zai nuna a jikinta.

Noma yana shan bugu ta fuska fiye da ɗaya. Tarakta da injin ban ruwa da injin casa mai suke sha. Takin zamani mai sinadarin naitirojin, irin su yuriya, daga iskar gas ake yin sa, kuma gas ɗin ne kaso mafi tsoka na kuɗin haɗa shi. Da gas ya yi tsada a Turai a 2021 da 2022, masana'antun taki da dama sun rage aiki, farashin taki ya tashi a duk duniya. Illar wannan ba ta fitowa nan take. Manomin da taki ya fi ƙarfinsa bana zai rage abin da yake zubawa ko ya rage faɗin gonar, sai da kaka ta zo a ga amfanin ya ragu, farashi ya sake tashi watanni bayan kowa ya manta da batun mai. Akwai kuma wata igiya da ta ɗaure abinci da mai: a Amurka ana mayar da masara mai yawa sinadarin itanol da ake gauraya wa fetur, a Birazil kuma rake ake amfani da shi. Idan mai ya yi tsada sai masu yin itanol su ƙara sayen amfanin gona, su yi gogayya da mai neman abinci. A Maris na 2022 ma'aunin farashin abinci na hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya kai matsayin da bai taɓa kaiwa ba, kodayake ba mai kaɗai ya jawo ba, yaƙin Rasha da Yukiren ya kuma toshe alkama da man girkin da ke fitowa daga yankin.

A wuraren da wutar lantarki ba ta tsayawa, tsadar mai tsadar wuta ce kai tsaye. Mai walda, da mai aski, da tela, da mai sayar da ƙanƙara, da asibitin da ke ajiye allurai a firji, da turakun sadarwar waya, duk janareta ke riƙe da su. Ƙasar da wutarta ke fitowa daga madatsar ruwa ko hasken rana tana da garkuwar da irin waɗannan wurare ba su da ita.

Hanya ta uku ita ce ta mai gyaran takalmin nan. Shi bai sayi mai ba, amma ya biya kuɗin mota, ya yi cefane, zai biya haya. Idan bai ƙara kuɗin aikinsa ba, ya rage wa kansa albashi ke nan. Haka mai gidan haya, haka makaranta mai zaman kanta, haka ƙungiyoyin ƙwadago da za su nemi ƙarin albashi. Daga nan sai tsammani ya shigo: ɗan kasuwar da ya yi imanin cewa gobe sari zai fi na yau tsada, zai sayar da kayan da ke hannunsa a kan farashin gobe, don kada jarinsa ya karye. Masana tattalin arziki sun fi tsoron wannan mataki, domin idan ya kankama tsada kan ci gaba da ciyar da kanta ko da man ya tsaya cak. Abin da ya faru ke nan a ƙasashen Yamma a shekarun 1970, inda tsada da rashin aikin yi suka haɗu a lokaci guda.

Shin duk ƙarin da ake gani halattacce ne? Lissafi na iya taimakawa. A ce cikin kowane 100 da mai motar dako ke kashewa, 40 na mai ne. Idan mai ya ƙaru da rabi, kuɗin aikinsa ya tashi daga 100 zuwa 120. Idan kuma dako kashi 10 ne kawai na farashin wani kaya, abin da ya kamata ya hau kan kayan ta wannan hanya bai wuce kashi 2 ba. To idan aka ga kayan ya ƙaru da rabi, akwai wani abu bayan dako. Wani lokaci faɗuwar darajar kuɗi ce, wani lokaci kayan gyaran mota da tayoyi ne suka tashi tare, wani lokaci kuma bango ne ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga. Wannan na ƙarshe ya fi faruwa a kasuwar da 'yan kaɗan suka mamaye. Inda masu sayarwa ke da yawa kuma mai saye na iya tsallakawa shagon gaba, ƙarin son rai ba ya daɗewa.

## Wanda ya fi ɗanɗanawa

Mai kuɗi ya fi talaka shan mai nesa ba kusa ba, amma talaka ne ya fi jin zafin tsadarsa. Tun a 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya lura cewa gwargwadon talaucin gida gwargwadon girman kason da abinci ke ci a cikin abin da yake samu. Gidan da abinci da kuɗin mota ke cinye kusan duk samunsa ba shi da wani abin da zai yanke. Mai hali zai fasa tafiya hutu ko ya jinkirta sayen sabuwar mota. Marar hali kuwa nama zai fara fita daga tukunyarsa, sai yawan abincin, sai magani, wani lokaci har karatun yara. Gidajen da gas ko kananzir ya fi ƙarfinsu kan koma itace da gawayi, abin da ke da nasa illar ga huhun mai girki da kuma daji.

Cikin talakawan ma akwai bambanci. Ma'aikacin da tsadar haya ta kora bayan gari shi ne ya fi kowa nisan tafiya, don haka shi ya fi biyan kuɗin mota. Mai albashi da ɗan fansho suna kallon kuɗinsu na narkewa, saboda albashi ba ya motsi sai an zauna an tattauna, kuma yawanci a makare. Direban haya yana tsakiya: idan ya ƙara kuɗi fasinja ya ragu, idan bai ƙara ba ya yi aikin banza. Manomin da ke da rarar da zai sayar na iya cin moriyar tashin farashin abinci, muddin taki da dako ba su cinye ribar ba, amma ƙaramin manomin da hatsinsa ke ƙarewa kafin sabo ya zo shi ma mai saye ne.

Akwai masu samu. Baitulmalin ƙasashen da ke fitar da mai kan cika, manyan kamfanonin mai kuma sun sanar da ribar da ba su taɓa samu ba a 2022, abin da ya sa Birtaniya ta ɗora musu harajin garaɓasa a watan Mayun shekarar.

## Taƙaddamar tallafi

Tallafin mai shi ne gwamnati ta biya bambancin da ke tsakanin ainihin kuɗin lita da farashin da ta ƙayyade. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 tallafin da gwamnatoci suka ba masu amfani da mai da gas da kwal da wuta ya haura dala tiriliyan ɗaya.

Masu son a cire, ciki har da Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, hujjarsu ta farko ita ce wanda ya fi shan mai shi ya fi cin tallafi. Wani nazarin masana a asusun kan ƙasashe masu tasowa ya gano cewa kashi 20 na gidajen da suka fi wadata suna kwasar kusan ninki shida na abin da kashi 20 mafi talauci ke samu. Sun ƙara da cewa kuɗin na hana a gina asibiti da makaranta, yana jawo cin bashi, yana buɗe ƙofar cuwa-cuwa da fasa ƙwauri. An ga man Venezuela na tsallakawa Kolombiya, na Iran na shiga Pakistan, na Libiya da Aljeriya na shiga Tunisiya, na Najeriya na bin maƙwabta. Kuma ranar da kuɗin ƙetare suka ƙare, farashi mai sauƙi ba ya hana layi. Siri Lanka ta ga haka a 2022, inda mutane suka riƙa kwana a gidajen mai, har fushin jama'a ya kori shugaba Gotabaya Rajapaksa a watan Yuli.

Masu adawa da cirewa ba su musanta yawancin waɗannan alƙaluma ba, ma'auninsu ne daban. Sun ce ko da mai kuɗi ya fi kwasa, ɗan abin da talaka ke samu ta hanyar sauƙin mota da abinci babban kaso ne na rayuwarsa. Sun ce zafin cirewa yau ake jin sa, alherin da aka yi alkawari kuwa sai gaba, kuma a ƙasar da jama'a ba su amince da yadda ake kashe dukiyarsu ba, mai araha shi ne kaɗai rabon da suke gani da idonsu. Suna kuma tambaya: idan ɓarayi ne ke wawure tallafi, don me ba za a kama su ba sai a hukunta kowa?

Abin da ya faru a ƙasashe ya ba kowane ɓangare abin kafa hujja. A Najeriya gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafi ranar 1 ga Janairun 2012, yajin aiki da zanga-zanga suka sa ta mayar da wani ɓangare. A ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu ya sanar da ƙarshensa, makonni kaɗan bayan haka aka saki canjin naira, sai bugu biyu suka haɗu a kan farashi. A Ekwado shugaba Lenin Moreno ya cire a Oktoban 2019, ya janye cikin ƙasa da mako biyu. A Kazakistan ninka farashin gas ɗin mota ne ya kunna tarzomar Janairun 2022. Faransa ma, inda batun ƙarin haraji ne ba cire tallafi ba, masu zanga-zangar riguna masu ruwan ɗorawa sun tilasta wa gwamnati janyewa a ƙarshen 2018.

Indunusiya ce ake yawan kawowa a matsayin wadda ta tsallake. A 2005 ta ƙara farashin mai sosai amma ta haɗa da raba kuɗi kai tsaye ga miliyoyin gidajen talakawa, a farkon 2015 kuma gwamnatin Joko Widodo ta janye tallafin fetur daidai lokacin da farashin duniya ya faɗi, don haka mutane ba su ji a jikinsu sosai ba. Duk da haka tallafin ya sake dawowa ta wata ƙofa da farashi ya tashi. Iran ta raba kuɗi ga kusan kowane gida daga Disamban 2010, amma hauhawar farashi ta cinye darajar kuɗin cikin 'yan shekaru. Abin da waɗannan misalai suka nuna shi ne sakamakon ya fi rataya a kan lokacin da aka zaɓa, da ko agajin ya riga ƙarin isa, da ko akwai sahihin rajistar mabuƙata, da kuma amanar da ke tsakanin gwamnati da jama'a.

Ƙasashe masu hali suna da wasu dabaru. A 2022 Jamus ta rage harajin mai na wata uku, ta kuma fitar da tikitin Yuro 9 na wata guda da ke ba mutum damar hawa motoci da jiragen ƙasa na cikin gari da na yanki. Amurka ta sanar da fitar da ganga miliyan 180 daga rumbunta na ko-ta-kwana. Rage haraji yana da aibi irin na tallafi, mai babbar mota ya fi amfana. Sauƙaƙa motar haya ya fi kai wa ga marar hali, amma sai inda akwai motocin da layin dogon.

## Inda babban banki ya shigo

A 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 a Amurka, 10.6 a ƙasashen da ke amfani da Yuro, 11.1 a Birtaniya, kuma makamashi na cikin manyan dalilai. Martanin manyan bankuna shi ne ƙara kuɗin ruwa. Na Amurka ya ɗaga shi daga kusan sifili a Maris na 2022 zuwa sama da kashi 5 a Yulin 2023. Masu suka na cewa kuɗin ruwa ba ya haƙo ganga ko ɗaya, abin da yake yi kawai shi ne ƙara wa mai bashi da ɗan kasuwa nauyi. Bankunan na amsawa da cewa ba man suke yaƙa ba, matakin nan na uku suke son tarewa kafin tsammanin tsada ya zauna a zukata. Suna tuna cewa da aka yi sakaci a shekarun 1970, sai da Paul Volcker, shugaban babban bankin Amurka na lokacin, ya kai kuɗin ruwa kusan kashi 20 kafin tsada ta lafa, rashin aikin yi a Amurka ya haura kashi 10 a 1982. A ƙasashen da yawancin mutane ba sa karɓar bashin banki, wannan makami ya fi aiki ta hanyar tare faɗuwar darajar kuɗi.

## Me ya sa kaya ba sa saukowa

A 1991 wani masani mai suna Robert Bacon, da ya nazarci gidajen man Birtaniya, ya kwatanta farashin fetur da abin da ke tashi kamar roka ya sauko kamar gashin tsuntsu. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Mai gidan mai da ya yi sari da tsada yana son ya ƙarar da tsohon kaya tukuna. Idan farashi na hawa kowa na zagayawa neman mai sauƙi, idan ya fara sauka sai a daina bincike, masu sayarwa kuma babu mai gaggawar zama na farkon ragewa.

A sauran kaya abin ya fi haka tauri. Albashin da aka ƙara ba a rage shi, hayar da aka sabunta ta zauna, bashin da ɗan kasuwa ya ci lokacin tsanani yana nan yana biya. Idan kuma darajar kuɗin ƙasa ta faɗi a tsakani, saukar ganga a kasuwar duniya na iya ɓacewa gaba ɗaya a cikin canji. Nan ne bambancin da aka ambata a farko ke aiki. Kayan da ke 100 ya koma 130 a shekarar farko, hauhawar kashi 30 ke nan. A shekara ta biyu ya koma 143, hauhawa ta sauko zuwa kashi 10, hukuma za ta ce an samu sauƙi, mai cefane kuma zai ce ƙari ya gani. Dukansu gaskiya suka faɗa. Kayan gona da kuɗin dako kan sauko idan kaka ta yi kyau ko dizal ya yi sauƙi na tsawon watanni, amma haya da kuɗin makaranta da ladan masu sana'a ba kasafai suke komawa baya ba. A irin waɗannan, gida kan farfaɗo ne kawai idan abin da yake samu ya tashi ya cim ma sabon farashin, kuma wannan kan ɗauki shekaru, musamman ga mai albashi da ɗan fansho.